Talalelei a Cinyar Mutane

A nan tsibirin Upolu, idan motar haya ta cika ba a barin kowa a bakin hanya. Mai jiki ya zauna, marar nauyi ya hau cinyarsa. Talalelei kafinta kuwa siriri ne kamar sandar rake, don haka bai taɓa sanin taurin kujerar mota ba. Ya zauna a cinyar masunta da mahauta, har da ta wani ɗan sanda, amma ko sannu bai taɓa ce wa ɗayansu ba. Wannan hali yana ba ni haushi. Mutum ya ɗauko ka tun daga birnin Apia, ƙafarsa ta sage, ka sauka kamar buhun gwaza!

Ba girman kai ba ne, kunya ce. Tun da mahaifiyarsa ta rasu kaɗaici ke cinsa. Shi kaɗai yake cin abinci, kajinsa ne abokan hirarsa.

Ran nan mota ta cika maƙil, cinyoyin maza suka ƙare. Wata ƙatuwar bazawara mai sayar da kwakwa, Leuila, ta fizgo shi ta ɗora a tata, ta kuma riƙe masa ƙugu saboda gargada.

"Kai ɗan siriri, ba a dafa abinci a gidanku?" in ji ta.

Ya sunkuyar da kai.

"Kurma ne?" ta tambayi mutanen mota.

"Yana ji sarai," direba ya ce, "tanadin baki yake yi."

Mota ta ɗauki dariya. To, mai son sauka sai ya miƙe ya ƙwanƙwasa rufin mota, shi kuwa ba damar miƙewa in bai ce mata ta sake shi ba. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Yana kallon gidansa ya wuce, kajinsa na tsaye a ƙofa. Ita ko ta ci gaba da zuba: ciwon gwiwarta, marigayi mijinta, rufin ɗakinta da ke yoyo.

"Ba kwanon ba ne," Talalelei ya ji bakinsa ya ce, "katakon ne ya ruɓe."

"Jama'a, yana magana!" in ji Leuila.

Mutane suka tafa, wani tsoho ya ce a maimaita, bai ji ba.

A ƙarshen hanya suka sauka, a ƙauyensu Leuila, kuma babu motar komawa. 'Yan'uwanta suka zaunar da shi a tabarma da gasasshen gwaza da kifi. Ya ci a cikin mutane, ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa. Washegari ya hau rufin. Gyaran yini ɗaya ne, amma bai gama ba sai da aka ɗaura musu aure.

Yanzu ba ka isa ka rufe masa baki a mota ba, kowa ya shigo sai ya ji daga ina, zuwa ina. Jiya na gan su, rabin kujeru babu kowa, yana zaune a cinyarta.

"Ga wuri fa," in ji direba.

Talalelei ya ce, "Na gani."