Ranar da Akuya ta Cinye Dodonmu

Abubuwa da yawa sun shafe daga raina tas, amma ranar da akuya ta cinye dodo a gaban mutanen unguwarmu a Gwarzo, wannan kam ba zan manta ba har ƙasa ta rufe idona.

Lokacin gyaɗa na tashe, ni kuma ina saurayi. Yayana karen mota ne, yana bin motar da ke kwasar buhunan gyaɗa zuwa Kano. A can ya shiga silima ya kalli wani fim na ban tsoro, ya dawo gida kamar an yi masa asiri. Ba shi da zance sai na fim ɗin nan, har ya wayi gari ya ce shi ma sai ya yi nasa. Ba shi da na'ura ko ɗaya. Abin da ya mallaka farin alawayyo ne, da fitilar ƙwai, da taurin kai. Dabararsa a rataye ƙyallen, a kunna fitila a bayansa, mu yi wasa a tsakani, mutane su kalli inuwarmu.

Sai matsalar wuri. Ana buƙatar ɗaki mai faɗi mai duhu, kuma babu irinsa sai siton kawunmu mai awon gyaɗa, wanda ya zama wayam bayan an kwashe kaya. Kawu mutum ne da ba ka ganin haƙorinsa da arha. Ya saurari yayana har ya gama, sannan ya ce, "Kai yanzu da gemunka za ka tara mutane ka yi musu wasan yara? To, sau ɗaya na ba ka. In shirme ne, ka maido mini makullina, kada in ƙara jin zancen."

Yayana ya ɗauki abin da zafi, don an fara yi masa kallon wanda Kano ta juya wa kai. Labarin da ya shirya gajere ne: mace ta je rijiya, dodo ya fito ya kama ta. Shi ne macen, da ɗaurin zani da tulu a ka. Ni ne dodon. Ya kifa mini ƙwarya har ta rufe mini ido, ya ɗaure mini harawar gyaɗa daga wuya zuwa gwiwa don inuwata ta yi buzu-buzu. Wai mu jikokin makiyaya ne, amma ba wanda ya tsaya ya tuna abincin wa na saka a jikina.

Bayan la'asar muka toshe tagogi da tsofaffin buhuna, muka bar ƙofar baya a ɗan buɗe saboda hayaƙin fitila. Sito ya cika maƙil. Kawu ya sa aka kawo masa kujera, ya hakimce a sahun gaba.

Ina fitowa aka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, dodo mai gwame! Ai mun san ƙafafun nan." Wani ya ce, "Dodo, ina wuni? Ya mutanen gida?" Yayana ya matso ya raɗa mini, "Yi gurnani mana, don Allah!" Na yi gurnani iya ƙarfina, dariya ta ƙaru. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san makulli ya tafi.

Can sai na ji dariyar ta ɗauke ɗif. Ni ba na ganin komai a cikin ƙwarya. Na dai ji hucin numfashi a bayana, wani abu ya ɗora mini ƙafafu a gadon baya, ya fizgi harawar da ƙarfi. Ashe akuyar maƙwabciyarmu ce ta biyo ƙanshi ta shigo ta ƙofar baya. Da yake ta fi ni kusa da fitila, inuwarta ta cika ƙyallen gaba ɗaya, ƙahoni har rufin sito, ga ta a tsaye tana yagar dodo tana taunawa.

Na ƙwalla ihun da ban taɓa yin irinsa ba: "Wayyo Allah! Ku cece ni!" Yayana ya saki tulu ya tarwatse. Mutane suka yi ƙofa a guje, ana salati ana tattake juna. An ba ni labari daga baya cewa wanda ya fara isa waje shi ne Kawu, ba hula, da takalmi wari ɗaya.

Ana nan cirko-cirko a waje, sai ga akuya ta fito a natse, da harawa a baki, ta ce "meee". Ai sai kowa ya zube ƙasa don dariya. Wata tsohuwa tana dafe da ƙirji, tana haki, tana cewa, "'Ya'yan nan za ku kashe ni. Yaushe za a sake?"

Yayana ya zo da sanyin jiki, ya durƙusa ya miƙa wa Kawu makulli. Kawu ya share hawaye da hannun riga, ya ce, "Riƙe abinka. Amma gobe ka ajiye mini kujerata kusa da ƙofa."

Mun yi ta nuna wasan nan har damina ta faɗi. Har Kabo aka gayyace mu, muka hau motar gyaɗa da mu da akuyar. A can ma labari ya riga mu isa, kowa ya san akuya ce, wasu har sun shafa ta kafin a fara. Amma da zarar ƙahonin nan sun hau ƙyalle, sai ihu ya tashi kamar ba su sani ba.

Yanzu in na ga jikokina sun taru kan waya suna kallon irin finafinan tsoron nan na 'yan ƙaramin ƙarfi, jinin ma kana gani ka san jan kala ne, ba na raina musu. Abin da sito ya koya mini shi ne, ba tsadar kaya ce ke jan mutane ba. Mutum na son ya razana a inda ya san ba abin da zai same shi, kuma a gefensa akwai wanda za su yi dariya tare in an kunna fitila.