Na kulle akwatin waifai a adaka

Jama'a, yau na yi wa kaina! Tun shekarar da rijiyar masallaci ta rufta ɗana Sani ya ɗora akwatin waifai a tagata, sai da shi kira ke shigo mana. Da safe hadari ya taso. Ni da ban taɓa barin kayana a ruwa ba, na kulle shi a adakar ƙarfe.

Da azahar Sani ya ce, "Inna, ai ƙarfe tare sigina yake!"

Muna fito da shi, saƙon murya da aka turo tun da safe ya shigo. Ƙanena Habu ne daga asibiti, shekara uku ba ma magana: "Yaya, ki yafe mini."

Na kira, matarsa ta ɗauka tana kuka. Innalillahi! 'Ya'yan babanmu Malam Idi bakwai, saura ni kaɗai.