Ranar da Yaya Ya Goge Littattafan Komik

Yayana ɗan gwanjo ne tun kafin in yi wayo. Ban san shi da wata sana'a ba sai buɗe dila, wato ƙunshin tsofaffin tufafin da ake shigowa da su daga waje. Ya yanke ƙarfen da aka ɗaure ta da shi, ya zube kaya a tabarma, ya ware lamba ɗaya, ya ware lamba biyu, ya tura tarkacen gefe don makanikai masu neman tsumman goge hannu. Daga nan sai wanki, sai guga. A gugar nan ya yi suna. Yakan cika baki da ruwa, ya fesa wa riga feshi mai laushi kamar yayyafi, ya ɗora mata dutsen gawayi, sai ka ga rigar da wani Bature ya gaji da ita ta miƙe tana jiran ma'aikacin ofis. Yana da magana guda da har matarsa ta haddace: shi ba ya miƙa wa mutum kaya a yamutse, ko da kyauta zai ba shi.

A shekarun nan sojoji sun koma bariki, kuɗin mai na ta shigowa, benaye na tsirowa a Abuja ta ko'ina. Kowa cewa yake gari ya buɗe. Mu dai abin da muka ga ya buɗe shi ne bakin katafila. Rusau ya bi ta layinsu, rumfar Yaya ta tafi a safiya ɗaya, har da teburin gugarsa. Muka tattara muka koma Orozo, ni da shi da matarsa, inda haya ke da sauƙi. Ni ina buga takardu a wani shagon kwamfuta a cikin gari, kullum sai na sha cunkoson Nyanya safe da yamma. Shi kuma, mutumin da a da ake zuwa a same shi a zaune, ya koma rataya riguna a kafaɗa yana bin ƙofofin ma'aikatu, masu gadi na korarsa. Ya fara cewa in bai samu wuri mai ƙofa da kwado ba, Zariya zai koma. Ban so jin haka ba. Shi ya kawo ni garin, kuma ba ni da kowa a ciki sai shi.

Cikin tsofaffin masu sayen kayansa akwai wani likita, mutumin Filato, wanda ya yi karatu a waje. Ya daɗe yana sayen riguna a hannun Yaya, har sun saba. Yana da kemis a wani sabon rukunin shaguna, da ɗan lungu a gefe da bai san abin da zai yi da shi ba. Mutumin nan da furfurarsa, amma son littattafan zane na Turawa yake yi kamar yaro, waɗanda ake kira komik. Ya ce wa Yaya 'ya'yan manya da ke dawowa hutu suna nemansu ba sa samu. In zai iya kawo tsofaffi masu kyau, lafiyayyu, lungun nasa ne, ya sa littattafai a gefe ɗaya, riguna a gefe ɗaya.

Yaya bai san komik ba. Da na nuna masa a kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa ƙartin ke saka kamfai a kan wando. Amma ya san lungu mai ƙofa.

Ni na nemo masa kasuwar tayi ta intanet, inda ake sa kaya a yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Muka ga wani Bature a ƙasar waje yana sayar da kwalaye cike, a dunƙule, ba ɗai-ɗai ba. Hoton ya nuna littattafai a jere, kowanne cikin ledarsa, suna sheƙi. Mai kayan ya rubuta cewa duka kusan sababbi ne, daga ɗakin wani mai tara su suka fito. Yaya ya sa in karanta masa sau biyu. Ya ce bai taɓa sayen abin da hannunsa bai taɓa ba, amma ai dila ma a ɗaure ake sayenta. Muka taya, wani ya taya, muka ƙara, har kaya suka faɗo hannunmu. Wani ɗan garinmu da ke tuƙin tasi a can ya biya a madadinmu, ya cusa kwalayen a bayan wata tsohuwar mota da za a turo ta jirgin ruwa. Duk abin da Yaya ya tsira da shi daga rumfa a nan ya tafi.

Jira ya yi tsawo har damina ta shigo ta fita. Duk sanda Yaya ya gamu da likita sai ya ce masa kaya na hanya, lamba ɗaya ne. Bai gan su ba, amma ya riga ya ba da bakinsa.

Ranar da suka iso, a tsakar gida muka buɗe. Na saman kowane kwali su ne na hoton, cikin leda, tsaf. Yaya ya yi abin da ya saba, ya zura hannu har ƙasa ya jawo. Na ƙasan daban suke. Wasu ba bango. Wasu ruwa ya taɓa su sun kumbura, tsatsar ƙusa ta ci tsakiyarsu. Wani yaro ya bi fuskokin wasu da biro ya yi musu gemu. Warin rumfar da ta daɗe a rufe ya cika gidan, har matar Yaya ta toshe hanci ta shige ɗaki.

Ni na hau faɗa. Washegari na rubuta wa mai kayan saƙo mai zafi. Amsarsa gajeriya ce: kyau ra'ayi ne, abin da ya gani ya faɗa, kuma kayan dunƙule ba a mayarwa. Na kawo wa Yaya amsar ina huci, ina jiran ya taya ni zagi. Ko a jikinsa. Yana zaune ya riga ya kasa su kashi uku a tabarma.

"Auta, dila ke nan," ya ce. "Wa ya taɓa mayar da dila? Gyara ta ake yi."

Na ɗauka gyaran da yake nufi shi ne a liƙe bango, a kakkaɓe ƙura. Da gari ya waye na tafi aiki.

Da na dawo da la'asar, tun daga ƙofa na ji warin gawayi da wani ƙauri da ban sani ba. Yaya na durƙushe gaban wani katako da ya shimfiɗa wa bargo, kumatunsa cike da ruwa. Ya fesa wa littafi, ya ɗora dutse. Ashe tun safe yake yi. Ya fara da masu takarda mara sheƙi, suka ɗan miƙe, abin ya ba shi ƙarfin gwiwa. Da ya zo kan masu sheƙi, launi ya riƙa bin ƙasan dutsen, ja da shuɗi suna cakuɗewa. Shafuka suka manne da juna. Waɗanda suka bushe suka yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Inda dutsen ya daɗe, ya bar shatinsa, mai tsini a gaba, ruwan ƙasa. Shi kuma ya ɗauka hannunsa ne bai gane takarda ba tukuna, ya yi ta rage wuta, yana ƙara ruwa.

Sai idona ya faɗa kan ledoji, a ninke a gefe guda, dutse a kansu kada iska ta kwashe. Babu komai a cikinsu. Na tambaye shi ina na saman kwalin. Ya nuna mini da haɓa. Su ma ya goge su. Ya ce ya ga gefen wasu ya ɗan lanƙwasa, kuma su ne za su fara shiga hannun likita, ta yaya zai kai su haka?

Ban yi faɗa ba. Ƙarfin faɗan ma babu. Na zauna a bakin rijiya da takalmin aiki a ƙafata, na ji gajiyar duk shekarun Abuja ta sauko mini lokaci ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

Duk da haka muka kai su, don ya ce ya yi alkawari. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki kwalin da kansa, ya hana ɗan acaɓa taɓawa. Likita ya tarbe mu da fara'a, ya share kan kanta. Ya ɗaga na farko, ya juya shi, ya yi ƙoƙarin buɗewa, shafin ya ƙi. Ya ɗaga na biyu. Wannan ya daɗe a hannunsa. Ya ce irin wannan yake da shi yana ɗalibi, ya ɓace masa wajen ƙaura, ya yi shekaru yana nema. Shatin dutse na zaune a tsakiyar bangon.

Ya tambaya ko haka suka zo. Da Yaya ya ce e, da laifin ya tafi kan Baturen da ba wanda ya san fuskarsa. Amma ya ce a'a, waɗannan lafiya suka zo, cikin leda, shi ya gyara su.

Likita ya cire tabarau ya murza ido. "Malam, su waɗannan ba a taɓa su," ya ce a hankali. "Darajarsu ke nan, a ce ba wanda ya taɓa. Da 'yan na ledar nan kaɗai ka kawo, da sun ishe mu farawa."

"Oga, ni ban taɓa kai wa mutum kaya a yamutse ba."

"Na sani," in ji likita. "Ai rigarka ce a jikina."

Bai kore mu ba. Ya ce a sake gwadawa, zai riƙe lungun na ɗan lokaci, ko da yake masu sayar da wayar hannu sun dame shi. Yaya ya yi godiya, ya mayar da littattafan kwali ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita gefensu. Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Karu. Can ya ce shi fa ya gaji. Ba kuɗin kaɗai ba, ya ce. Garin nan abin da ya iya ba shi ake so ba.

Kafin azumi ya tafi. Na raka su tashar Zuba, shi da matarsa da katifa da dutsen guga a cikin buhu. Ya yi mini nasihar da yayye ke yi, in riƙe salla, in riƙe aikina, in nemi ɗaki kusa da mutanen kirki. Da na bi ta gaban kemis ɗin bayan wani lokaci, na ga an sa gilashi a lungun, wayoyi na jere a ciki.

Kwalayen kuwa, matar Yaya ta bar wa wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai a bakin titi. Ban sani ba sai wata safiya ina jiran mota, na sayi ƙosai, ta ƙunsa mini a takarda mai launi. Na cinye a cikin cunkoso. Da na buɗe takardar in goge yatsu, sai ga ƙato mai kamfai a kan wando, mai ya jiƙa shi, shatin dutsen Yaya ya rufe masa rabin fuska.

Ban yar ba. Muna tsaye a Nyanya, mota ba ta motsi, sai na ankara na ɗora takardar a cinyata ina ta shafa ta da tafin hannu, ina so ta miƙe.