Hannun Kaka da Ganyen Zogale

Wata uku ke nan ina fama da fuska guda. A ɗakina na unguwar Zariya akwai ƙyalle a ɗaure jikin katako, na zana komai da fentin mai: rumfar kara, wuta a murhu, jiƙaƙƙiyar ƙasar damina, har tsohuwar tukunyar da aka ɗaure wa baki da waya. Fuskar Kaka ce kawai ta ƙi. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ga shi ta rasu tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

Duk hutun lakwal, wato makaranta, da ruwa ya sauka, sai a tura mu gidanta a Jiratawa. Sana'arta dafa zogale, kuma tatsuniyarta ba ta kyauta ba ce. Bayan isha'i za ta tula mana rassa a kan tabarma, kowa da faifansa, muna zage ganye tana ba da labari. Duk wanda ya ɗaga kai, nan take ta yi shiru.

"Maigidana," haka take tsokana ta, "mi kake nema ga huskata? Da kunne aka jin tatsuniya, ba da ido ba. Duƙa!"

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata mai tsananin son damina. Ranar ruwan fari ta tara ƙanshin ƙasa a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, don ta riƙa tunawa idan bazara ta yi zafi. Amma hankalinta bai kwanta ba. Kullum sai ta ɓalle yumɓun ta shaƙa, ta ji ko yana nan. Kullum kuma kaɗan ya fita. Ranar da rana ta fi ƙuna, ta buɗe, ta tarar ba komai.

"Sai ta yi yaya, Kaka?"

"Sai ta ɗauki tulunta ta tai rijiya. Tulu dai tulu ne."

Mukan yi dariya, mu ce matar sakarya ce. Ban san ni ake nufi ba. Fentin mai ba ya saurin bushewa, kana iya gogewa ka sake. Na goge fuskar nan ya fi a ƙirga, kuma duk gogewa sai abin da ya rage a raina ya ƙara dushewa. Tsoro ya kama ni sosai, kar in wayi gari ba Kaka ko kaɗan.

Sai na hau kabu-kabu na kai zanen Tibiri wajen Inna, 'yarta ɗaya da ta rage. Ta duba fuskar, ta girgiza kai.

"Wagga ba ita ba ce."

"To, ki faɗa mini yadda take, Inna."

Ta miƙo mini zanen. "Ɗana, ni ma kaina duƙe na tashi gabanta."

Har na fara naɗe tsumman da na rufo zanen da shi, sai ta riƙe ni. Idonta ya sauka ƙasa, inda na zana hannu biyu a kan faifai ba tare da na yi wani tunani ba. Ga babban yatsan da ganye ya rina, ga tabon ƙuna a wuyan hannun dama.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Wallahi ga ta nan."

Da na koma gida na kwaɓa baƙin fenti da mai ruwan ƙasa, na rufe fuskar da duhun rumfa, yadda take a da. Ban sake taɓa ta ba. Na yi kuka ranar, amma na daina ɓalle bakin tulu.

Zanen yana ɗakin Inna yanzu. Na lura duk sanda ta zauna a gabansa, ba ta ɗaga kai.