Kujeru Casa'in da Ɗaya

Babana bai taɓa riƙe alli ba. Shekara ashirin da biyu yana share zauren taron makarantarmu yana jera kujeru, har sunansa ya ɓata, kowa sai dai ya ce Mai Kujeru. Albarkacin tsintsiyarsa nake karatu a wurin, don gurbin 'ya'yan ma'aikata aka ba ni.

Yana da wani hali da ke ƙular da Inna: ba ya iya ganin gurgun layi. In aka ce masa baƙi arba'in da bakwai ne, sai ya ja tsaki ya ce lamba ce mai taurin kai, duk yadda ka jera ta sai wani layi ya gaza. Kujerun zauren casa'in da ɗaya ne, kuma sun sha ba shi wahala. Ya jera su bibbiyu, uku-uku, biyar-biyar, shida-shida, kullum ɗaya na tsaye gefe kamar an ba ta horo. Ranar da ya gwada layi bakwai, kowanne da goma sha uku, suka zauna cif. Har gida ya zo mana da labarin yana washe baki.

Ina aji biyu, wata Talata, malamin lissafi yana rubuta mana lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Ya rubuta tamanin da uku, tamanin da tara, ya furta casa'in da ɗaya ya ɗora ta a allon. Baba na waje yana goge tagar ajinmu.

"Gafarta malam," ya ce, tsumma a hannu, "wannan ta ƙarshen tana rabuwa. Bakwai sau goma sha uku."

Wata a layin gaba ta ninka a bayan littafinta, ta ce, "Laa, gaskiya ne!" Aji ya ɗauki dariya.

Daga ajinmu zuwa zauren taku talatin ne. Babu wanda ya taka ya ƙirga kujerun, ba malamin ba, ba shugaban makaranta ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau. Da maganar ta kai gabansa, shugaban ya ce ai ba maganar lissafi ake ba, maganar sanin matsayi ce: ko Baba ya ba da haƙuri a gaban ajin, ko ya ajiye makullai, 'yarsa ta bi shi.

Washegari ya shigo ya cire hula. Mutumin da ya girmi malamin da shekara ashirin ya ce tsufa ne, bai san abin da yake faɗa ba. Malam ya gyaɗa kai. Lambar kuwa tana nan a allo, bai goge ba.

A gida na yi ta kuka ina masifa. "Baba, kai ne fa da gaskiya! Me ya sa ka ƙaryata kanka?"

"Ke dai saurara, 'yata," ya ce. "In ta fito a jarrabawa, abin da ya koya muku za ki rubuta."

Ta fito kuwa, tambaya ta huɗu. Na san amsar fiye da kowa a ɗakin. Na rubuta cewa ba ta rabuwa.

Malam ya ba ni cikakken maki. Da na kai wa Baba takardar, bai iya karantawa ba, jan alƙalamin kawai ya gani. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka.