Masu Ƙaho na Bakin Kanal

Yayana ne ya kawo akwatin. A lokacin yana riƙe wa masu awon ƙasa sanda a ofishin noman rani, kuma da wani Bature injiniya ya gama aikinsa zai koma gida, sai ya bar tarkacen 'ya'yansa, aka ce kowa ya ɗauki abin da ransa ke so. Masu zafin nama suka yi gaba da keke da kujeru. Yayana, da yake bai taɓa iya wawaso ba, ya tashi da akwatin kwali mai littafi ɗaya da wasu ƙwayoyi irin na ludo, sai dai ɗaya a cikinsu fuska ashirin gare ta. Ya jefo min ya ce, "Kai mai Turanci, ga rabonka."

Ina aji uku a sakandaren je-ka-ka-dawo, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Sai da na yi mako biyu ina fama da ƙamus kafin na gane wasa ne. Mutum ɗaya ke ba da labari. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, jarumi ko maharbi ko mai sihiri, ya faɗi abin da yake son yi, a jefa ƙwaya ta nuna ko ya dace. A tsakiyar littafin kuma akwai wasu mutane da aka ce mugaye ne tun daga cikin uwa. Ba sa gyaruwa, kuma duk wanda ya kashe su ƙarfinsa ƙaruwa yake.

Muna zama a kan kwalbatin babban kanal ta hanyar Bunkure bayan la'asar, ni da abokaina uku, duk 'ya'yan manoma. Ba mu san dusar ƙanƙara da gidajen dutse na littafin ba, don haka na mayar da ƙasar labarin irin tamu: alkama, tumatir, ruwa a kanal. Da na zo kan mugayen, sai na ba su ƙaho da garken dabbobi, na ce aikinsu fasa bakin kanal da cinye gonaki. Wallahi ban zauna na shirya hakan ba. Abin da nake ji kullum a bakin manya ne ya fito. Tun da aka kawo ruwa ake noma rani da damina, gonakin da shanu ke cin kara bayan girbi suka zama kore duk shekara, burtalin da suke bi zuwa mashaya kuma kowa ya ɗan gutsura ya shuka albasa. Sai ya zama saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa ba ta taka na wani ba.

Na biyar ɗinmu ɗan ajinmu ne daga rugar da ke bayan gari, kuma shi ne abokina na gaske. Benci ɗaya muke zama. Yakan kawo min kindirmo a ƙwarya, ni in ba shi amsar Turanci, shi ya ba ni ta lissafi. Sai ya shayar da shanun mahaifinsa yake zuwa kwalbati, don haka ranar farko ya tarar an gama rabon jarumai. Ni kuma muryata ta gaji da yin mugaye ni kaɗai. Na ce, "Kai ka riƙe min sarkin Masu Ƙaho." Aka fashe da dariya, har da shi.

Ya iya kuwa. Yana kumbura murya, yana zare ido, yana yi wa maharbi kwanton ɓauna a cikin rake. Su ukun suna zaginsa, suna bin sa da kara, ni ina ce wa kaina ai barkwanci ne irin na Fulani da Barebari. Abin da na ƙi gani shi ne, a barkwanci kowa yana ramawa. A nan kuwa kullum shi ake kashewa, gobe in ta da shi a sake.

Wata rana muna tafiya gida ya ce min, "Aboki, ka bar sarkin nan ya tuba mana."

Na ce littafi ya hana.

"Ko aljanu fa akwai musulmi a cikinsu," in ji shi. "Malam ya faɗa. Wane irin mutum ne kuma aka rufe masa ƙofar tuba tun bai yi komai ba?"

Na san gaskiyarsa. Amma na san kuma abin da ke tara su ukun nan a gabana kullum, baki sake, suna jiran abin da zan faɗa. Ni da ba na iya ƙwallo, ba na iya dambe, na samu inda ake saurarona. In babu wanda za a kashe da zuciya ɗaya, wa zai zo? Na ce masa zan duba, ban kuwa duba ba.

Ana cikin haka shanun gidansu suka faɗa gonar tumatir ɗin mahaifin maharbinmu. Kwana biyu ana kai-kawo gaban mai unguwa, aka sasanta, amma fuskoki ba su saki ba. Na ɗauka ba zai zo ba. Sai ga shi, ƙafarsa duk taɓo, ya zauna a ƙarshen kwalbati.

A labarin ranar, maharbi ya zame ya faɗa kanal, ruwa yana jan sa zuwa ƙofar ƙarfe. Jarumi ya jefa ƙwaya bai dace ba. Mai sihiri ma haka. Sai abokina ya miƙa hannu.

"Ba ni. Sarki zai shiga ruwa ya ciro shi."

"Kai da wa?" in ji maharbi. "Irinku ba sa ceto, sai ɓarna."

Abokina dai ya karɓa. Ya girgiza ƙwayar a tafinsa ya sake ta a kan siminti, ta tsaya a kan ashirin. Ni da bakina na koya musu cewa ashirin ba ta da jayayya. Duk suka juyo suna kallona. Maharbi ya haɗe rai irin na mahaifinsa a gaban mai unguwa. Abokina kuwa murmushi yake, don ya yarda da ni.

Na buɗe littafin, na sa yatsa a kan wani layi da ke bayani a kan nauyin igiya da fitila. Babu mai iya karanta shi da sauri sai ni. Na ce, "Ya ciro shi, gaskiya ne. Amma an rubuta a nan, in irinsu sun ceci mutum, don su yanka shi daga baya ne."

Su ukun suka yi ihu suka far wa sarki. Ni kuwa sai na ga idon abokina yana kan yatsana, yana bin layin a hankali, leɓensa na motsi. Turancinsa bai kai nawa ba, amma ya san kalmar igiya.

Na so a ce ya yi fushi ya daina zuwa. Da na samu hanyar bin sa ruga in ba shi haƙuri inda ba mai gani. Bai ba ni wannan damar ba. A aji muka ci gaba da zama benci ɗaya, yana gaishe ni kamar baƙo. Na yi niyyar in ce akwatin ya ɓace, amma su ukun kullum suna ƙofar gidanmu kafin in idar da salla. Na yi niyyar in tona kaina, na kasa, don in na ce ƙarya na yi sau ɗaya, duk abin da na taɓa karanta musu ya zube. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na kuma ɗauki akwatin na bi su.

Muka tarar da shi ya riga mu zuwa, abin da bai taɓa yi ba. Bai kumbura murya ba, bai zare ido ba. Ya bari kowa ya zauna, sannan ya dube ni.

"Malam mai littafi," ya ce, "me irina za su yi yau? Faɗa min, tunda kai ka san abin da ke zuciyarmu."

Su ukun suna jira da karansu a hannu. Na buɗe baki in ce wani abu dabam, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Za ku fasa kanal."

Ya ce, "To." Ya ɗauki ƙwayar ya jefa.