Wanzamin da Ya Hana a Kai wa Ƙafata Wuta

Ranar Talata da hantsi, ina ƙofar gida ina shafa wa ƙafafuna mai, Abdu babban ɗan Baba Nomau wanzami ya tsaya a kaina ya ce, "Idi, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kowa a Korgom ya yi rashi, amma ba na jin nauyin faɗa cewa nawa ya fi na da yawa daga cikin masu zaman makoki.

Ni masaƙi ne, kuma masaƙi da ƙafa yake cin abinci kamar yadda yake ci da hannu. Shekara tara ke nan da tafin ƙafafuna suka fara zafi kamar na taka garwashi, ga tsikari irin na allura har zuwa ƙwauri. Abin mamaki, in takalmi ya saɓule ban sani ba sai an faɗa mini. Na daina hawa masaƙa, gero ya ƙare a rumbu, yayyena suka yanke shawara a yi mini lalas, a ɗora ƙarfe mai zafi inda ke ciwo, kamar yadda aka yi wa kakanmu. Su suka kira Baba Nomau, har sun hura masa wuta.

Bai kalli wutar ba. Ya ce in rufe ido, ya ɗauki ƙayar aduwa ya bi tafin ƙafata da ita yana tambaya, "Ka ji? Nan hwa?" Ban ji komai ba sai da ya kai idon sawu. Ya juya wajen babban yayana ya ce, "Ku kashe wutag ga. Ƙahwar da ba ta jin ƙaya ba a kai mata wuta. Za ta ƙone bai sani ba, ta ruɓe kuna kallo." Yayana ya ce ai ba a taɓa ganin wanzami mai tsoron ƙarfe ba. Baba ya yi dariya ya naɗe zabirarsa.

Washegari ya dawo da magani iri uku: man kaɗe da aka dafa da citta da kanumfari, saiwar itacen sanya da aka daka don shafawa kawai, da wani sassaƙe na jiƙo. Na miƙa hannu zan kwashe duka, ya buge mini hannu. "Guda-guda, ɗana. In ka game ukku ka samu sauƙi, wa za ka gode ma? In cikinka ya ɓaci, wa za ka zarga?" Kowane magani sai ya yi mako biyu kafin a taɓa na gaba, kuma da kaɗan ake farawa. Man kaɗen bai yi mini komai ba. Sanya ta rage zafin amma ta saɓe mini fata, ya rage yawanta. Jiƙon ya sa ni gyangyaɗi da rana tsaka, ya ce rabin ludayi ya ishe ni, kuma sai bayan la'asar.

Bai taɓa yi mini alkawarin warkewa ba. "Wagga cuta ta jijiya ce, ta zo zama. Ba mu korar ta, amma muna hana ta zama bisa tabarmarka." Maganar ta yi mini ciwo, kuma ita ta kai ni ga wauta. Wani ɗan koli da ya biyo ayari ya ba ni 'ya'yan zaƙami, ya rantse a kwana ɗaya zan manta da zafi. Na manta kuwa, har da sunan matata. Kwana uku ina surutai ina cafkar abin da babu. Da na dawo hayyacina na tarar da Baba a gefena, ina jiran faɗa, sai ya ce, "To, ka ga mai saurin. Mu koma ga namu mai rarrahe." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya, kuma bai bari kowa ya yi mini gori a gabansa ba.

A damina ta biyu na koma masaƙa. Ba na yin yini guda kamar da, nakan tashi kafin azahar, amma gidana bai ƙara roƙon gero ba. Zafin yana nan, na san iyakarsa, shi ma ya san tawa.

Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba, don haka bara na ɗaura zare in saƙa masa fari na riga. Ƙafa ta yi ta ja mini rai, sai watan jiya na gama, ina jiran Salla in kai masa. Da Abdu ya ce ana neman likkafani, na shiga ɗaki na ɗauko. A cikinsa aka sa shi, abin da ƙafafun da ya hana a ƙona suka taka masaƙa aka saƙa.

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya mini tafin ƙafa. Allah ya ba Inna Hajo matarsa, da Abdu da ƙannensa haƙuri, ya sa albarka a zabirar da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.